Ranar da Na Yanke Hatimin Malam Inuwa

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin ƙarfe a wannan cibiya, amma in aka ce in ɗauki rana ɗaya da har yau ta ƙi barin raina, wata Laraba zan ɗauka, ana saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah. Wasunku sun ji labarin guntu-guntu, wasu kuma sun ji shi a karkace. Tunda kun ce in faɗi wani abu kafin in miƙa makullan ɗakin injuna, bari in ba ku shi yadda ya faru.

Na shigo aiki tun zamanin soja, ina ƙaramin ma'aikaci a mataki na huɗu. Lokacin da abin nan ya faru, mulki ya yi kusan shekara ashirin da komawa hannun farar hula, ni kuma na kai Babban Jami'in Fasaha, mataki na goma sha biyu. Ma'anar wannan muƙami shi ne duk ƙarfen da za a yanka, ko a goge, ko a gasa a cibiyar nan, sai ya bi ta hannuna. A samana akwai Injiniya Rabi, mai kula da sashen ƙere-ƙere, a samanta kuma akwai Darakta. Ba na cikin masu cewa zamanin soja ya fi, Allah ya kiyaye. Abin da kawai na lura da shi shi ne, tunda farar hula suka dawo, baƙi suka yi mana yawa, kuma kowane baƙo da mai ɗaukar hotonsa yake zuwa.

A cikin irin waɗannan baƙi ne wani ɗan majalisa ya samo mana injin nan da kuke kira firintar ƙarfe, a matsayin aikin mazaɓa. Ya fi shekara a cikin akwatinsa a bakin sito, saboda ba a tanadi ɗakin da za a sa shi ba. Daga baya aka gyara ɗaki, aka tura Injiniya Rabi kwas na wata uku a ƙasar waje, ta dawo ta haɗa shi, ya tashi.

Saboda waɗanda ba 'yan sashenmu ba, ga yadda yake aiki. Akwai wani faranti na ƙarfe mai kauri a cikinsa. Injin zai shimfiɗa garin ƙarfe a kan farantin, shimfiɗar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Sai hasken leza ya bi ya narkar da garin daidai inda zanen kwamfuta ya nuna. Ya sake shimfiɗa wani garin, ya sake narkarwa. A haka, hawa bisa hawa, har abin da kake so ya ginu, ƙasansa a manne da farantin.

Matsalar tana nan ne. Duk hawan da aka narkar, da ya fara hucewa zai so ya tsuke. Na ƙasansa kuwa ya riga ya huce ya daskare, ba zai bar shi ba. Sai ya zama na sama yana ja, na ƙasa yana riƙewa, kuma haka ake yi sau dubbai kafin a gama. Idan injin ya tsaya, za ka ga ƙarfe a zaune lafiya lau, amma cikinsa ja-in-ja ne tun daga ƙasa har sama. Abin ya fi muni a ƙarfen da ake yin kayan yanka da shi, domin shi da ya huce da sauri sai ya yi tauri ya yi gautsi, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Maganin abin ɗaya ne. Kafin ka raba shi da farantin, ka sa su tare a tanderu, zafi ya hau a hankali har digiri ɗari shida da wani abu, ya zauna a nan awa biyu zuwa uku, sannan ka kashe ka bar shi ya huce a ciki. Bayan haka ne ake yankewa, a goge, a taurara shi yadda ake so, a sake gasawa sau biyu don gautsin ya ragu.

Malam Inuwa baduku ne, maƙwabcina a Soron Ɗinki. Ya girme ni da shekara shida, masallacinmu ɗaya, kuma shi ya karɓa mini auren uwargidana. Takalman fata yake yi a zauren gidansu, shi da ƙaninsa Malam Ɗanlami da mutum goma sha wani abu da ke aiki a ƙarƙashinsu. Yana da wani hatimi na ƙarfe da ya gada a wurin mahaifinsa. Ana ɗaura shi a injin danna mai hannu, a sa fata a ƙasa, a juya hannun injin, sai ya yanke fuskar takalmi ya kuma buga mata zanen gidansu a lokaci guda. Da zanen nan aka san takalminsu a kasuwa. A cikin daminar shekarar ne hatimin ya tsage. Ya kai wa maƙera uku, duk suka ce zanen ya yi musu ƙanana.

Ni na je har zaure na ce masa ya kawo mana. Ya juya tsohon hatimin a hannunsa, ya ce, “Sabo, injin da ke zuba gari ne zai yi mini abin da maƙeri ya kasa?”

Na ce, “Zai yi, Malam. Amma ka ba ni kwana tara.”

“Kwana tara? Na ji an ce kwana biyu yake ginawa.”

Na ce ginawa daban, sakin jiki daban. Na tambaye shi, in an shanya ɗanyar fata an kafe ta da turaku ta ko'ina, ta bushe, sannan aka zare turke ɗaya, me take yi? Ya ce nannaɗewa. Na ce to haka ƙarfen yake a kan farantinsa, sai an lallashe shi da wuta kafin a zare masa turakun. Ya yi dariya ya ce ya gane. Ya naɗe tsohon hatimin a tsumma ya ba ni, ya ce, “Saboda kai na bayar, ba saboda injin ba.”

Injiniya Rabi ta auna tsohon, ta zana shi a kwamfuta, ta gyara inda ya cinye. Ranar Asabar muka kunna injin, ranar Litinin da yamma ya gama. Da muka share garin muka fito da shi, ni kaina sai da na tsaya kallo. Kowane layi na zanen ya fito, har ɗan tauraron da ke tsakiya wanda a tsohon ya kusa shafewa.

Talata da safe na cike fom ɗin neman dizal. Ba a kunna tanderu da wutar gari, domin in ta ɗauke a tsakiya aikin ya lalace, dole sai babban janareta ya yi wajen awa takwas yana aiki. Tsarinmu kuwa shi ne fom ya bi ta wurin injiniya, ya je sito, sannan ya hau teburin Darakta. Kafin ƙarfe tara fom ɗin yana kan teburinsa. Sha biyu na leƙa, aka ce yana waya. Ƙarfe biyu na koma, aka ce ya tafi ma'aikata. Da la'asar sai ga sanarwa an manna a allo: bikin ƙaddamar da injin, wanda aka sa sai bayan Sallah, an dawo da shi jibi Alhamis, saboda Onarabul, wato ɗan majalisar da ya samo injin, zai shigo gari.

Laraba da hantsi Darakta ya sauko ɗakin injuna da kansa, abin da bai fi yi sau biyu a shekara ba. Mutum ne mai tsafta da iya magana, daga ɓangaren mulki aka kawo mana shi, bai taɓa riƙe guduma ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Ya zagaya hatimin a kan tebur, ya yaba, sannan ya ƙwanƙwasa farantin da yatsa.

“Malam Sabo, wannan ƙaton abin na ƙasa fa?”

“Farantin da aka gina shi a kai ne, ranka ya daɗe.”

“To a cire shi. Gobe Onarabul zai ɗaga hatimin da hannu ɗaya ya miƙa wa mai shi. Ba zai yi dako a gaban kyamara ba.”

Na ce ba ya ciruwa sai ya shiga tanderu, kuma fom ɗin dizal yana kan teburinsa tun jiya da safe. Da an sa hannu jiya, da yanzu ya fito muna yankewa.

Ya ce, “Dizal ɗin da ke sito na gobe ne. Akwai lasifika, akwai na'urar sanyaya ɗakin taro. Kana so manyan mutane su zauna cikin gumi saboda za ka gasa ƙarfe?”

Injiniya Rabi ta ɗauko littafin injin ta buɗe masa shafin, ta karanta, ta fassara. Ta ce, “Yallaɓai, in aka yanke shi haka, ko dai ya karkace, ko ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani.”

Ya ce, “Injiniya, ke aka tura kwas, ni aka ba cibiya.”

Muka kawo masa shawara uku. A ajiye shi a kan tebur da farantinsa, Onarabul ya ɗora hannu kawai. Ya ce a'a. A ba Onarabul tsohon hatimin mu goge shi, ba wanda zai gane a hoto. Ya ce wannan yaudara ce, shi ba ya yaudara. A ba shi wani ƙaramin abin gwaji da muka buga watan jiya. Ya ce an riga an rubuta wa Onarabul jawabi a kan baduku ɗan cikin gari, ba za a canza ba. Daga nan ya dubi agogo, ya ce Injiniya ta ɗauki motar ofis ta kai katin gayyata ma'aikatu huɗu, yanzu-yanzu, domin bai kamata a aika masinja wurin manya ba. Ta dube ni, na dube ta. Tana fita ta ce, “Baba Sabo, don Allah kada ka taɓa shi sai na dawo.”

Da muka rage mu biyu, sai ya sassauta murya. Ya ce ya san ni, ya san ƙwarewata, shi ya sa fayil ɗina na ƙarin girma yana kan teburinsa yana jiran lokacin da ya dace. Na ce to ya rubuta mini umarnin a takarda. Ya yi murmushi ya ce, “Ni da kai sai da takarda, Malam Sabo? Hoto kawai za a ɗauka. Ana tashi ka karɓe abinka ka gasa shi yadda kake so. Ko awa ɗaya ba zai yi a hannun kowa ba.”

A bayan wannan maganar na ɓuya. Na ce wa kaina ai ba za a yi aiki da shi ba. Na ce in na yanka a hankali wataƙila ɗan karkacewa kawai zai yi, in goge daga baya. Na san ƙarya nake wa kaina, domin tun ina mataki na huɗu na ga abin da ƙarfen da aka yi wa walda ba a gasa ba yake yi. Amma na ɗauki farantin na ɗaura a injin yanka mai zaren waya, na saita, na danna makunni. Da hannuna, ba wanda ya riƙe mini shi.

Awa uku yana tafiya lafiya. Saura kamar faɗin yatsa biyu a gama sai na ji ƙas, wayar ta tsinke, gefe ɗaya na hatimin ya ɗaga daga farantin da kansa. Na sake zura waya na ƙarasa. Da na ɗora ma'auni a bayansa na ɗaga wajen taga, haske yana wucewa ta tsakiya, ratar ta kai kaurin farce. Na shafa masa jan ruwan da muke gano tsaga da shi, ban ga komai a waje ba. Hakan bai kwantar mini da hankali ba. Na goge shi har ya yi ƙyalli, sakataren Darakta ya zo da faranti mai jan ƙyalle ya ɗauke shi.

Injiniya Rabi ta dawo bayan la'asar, ta ga farantin injin babu komai a kai. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, “Ka gaya wa mai shi?” Na ce zan gaya masa.

Na kuwa tare shi a ƙofar masallaci bayan magariba. A nan na yi kuskure na biyu, wanda a wurina ya fi na farko. Maimakon in ce masa, Malam, abin nan yana iya fashewa, kada ka kusantar da shi injin, sai kunya ta kama ni, domin ni na yi masa bayanin fata da turaku. Na ce, “Gobe in an ba ka, ka dawo mini da shi, akwai ɗan sauran aiki.” Ya ce to, Allah ya kai mu. Ya ƙara da cewa fatun Sallah sun taru, yaransa da wuƙa suke yanka, hannu duk ya kumbura.

Alhamis aka kafa rumfuna tun daga bakin titin Ƙofar Nassarawa. A takardar rabon aiki, an rubuta ni ne mai kula da janareta, wanda ke can bayan gini kusa da katanga. An ce ƙarfe goma, Onarabul bai iso ba sai da aka yi azahar. Ina tsaye cikin ƙara da hayaƙi ina kallon dizal ɗin da aka hana ni yana ƙonewa awa huɗu ana sanyaya kujerun da ba kowa a kai. Ta lasifika nake jin jawabi sama-sama. Na ji Darakta yana cewa abin da a da sai an jira wata shida daga ƙasar waje, ga shi an kammala cikin kwana uku. Na ji tafi.

Abin da ban ji ba, sai daga baya Injiniya ta gaya mini. Da aka miƙa wa Malam Inuwa hatimin, ya sunkuya ya ce wa Darakta, “Ranka ya daɗe, Sabo ya ce in mayar masa, akwai sauran aiki.” Darakta, ga Onarabul a gefensa, ga kyamara, ya yi dariya ya ce, “Wane sauran aiki, Baba? Je ka fara amfani da shi yau ɗin nan.” Onarabul ya ce a kai dattijo gida a ɗaya daga cikin motocinsa. Injiniya ta yi ƙoƙarin kutsawa ta isa wurinsa, masu tsaro suka tare ta.

Ana cewa a kashe janareta na kashe na zagayo da sauri. Injiniya ta tare ni ta ce, “Sun tafi da shi.” Na kira wayar Malam Inuwa sau huɗu ba a ɗauka ba, ashe tana aljihun babbar rigar da ya cire ya rataye. Na hau babur. Motocin rakiya sun toshe titi, sannan ruwan da aka yi da safe ya cika lungunmu. Na jingine babur a bakin lungu na ƙarasa da gudu, ni da shekara hamsin da biyar.

Tun daga nesa na ga mutane a ƙofar zauren. Na kutsa. Malam Inuwa yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, an naɗe masa hannun dama da rawani, jini ya riga ya huda ƙyallen. Malam Ɗanlami ne ya ba ni labari. Shi ke juya hannun injin, yayansa yana riƙe da fatar. Bugun farko ya fito da kyau, har aka zagaya da shi ana kallo. Na biyu, na uku, na huɗu, duk lafiya. A na biyar suka ji kamar an harba bindiga. Hatimin ya rabu uku. Wani guntun ya shige gindin babban yatsan Malam Inuwa. Wani guntun kuma Malam Ɗanlami ya nuna mini shi a jikin ƙyauren zaure, ya nutse a katako, daidai tsayin kan mutumin da ke zama a wurin yana ɗinki, wanda Allah ya sa ya tashi shan ruwa.

Muka sa shi a a-daidaita-sahu muka kai shi asibiti. Aka ce jijiya ta yanke, sai an yi ɗinki. Muna zaune a benci muna jiran a kira shi. Can ya ce, “Sabo, ba a sa shi a wutar ba ko?”

Na ce ba a sa ba.

“Wa ya zare turakun?”

Na so in ce Darakta. Maganar tana bakina, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce, “Ni ne, Malam.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Jiya a masallaci ka sani?”

“Na sani.”

“To me ya hana ka faɗa mini da baki cikakke? Ɗan sauran aiki ka ce. Na ɗauka goge-goge ne. Da ka ce zai fashe, ko Gwamna ne ya ce in buga, ba zan buga ba.”

Ma'aikaciyar jinya ta kira sunansa, ya tashi ya shiga, bai bari na riƙe shi ba.

Ranar Litinin aka kafa kwamitin bincike na mutum uku, Darakta ne shugaba, ni da Injiniya mambobi. Ba mu zauna ko sau ɗaya ba. Laraba sai ga rahoto an buga an kawo mana mu sa hannu. Na karanta sau biyu don in tabbata idona ne. An rubuta cewa hatimin ya fashe ne saboda wanda aka ba shi ya yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana ba da shawarar a riƙa wayar da kan masu sana'ar gargajiya kafin a ba su kayan zamani. Mutumin da ya shekara arba'in yana buga fata, shi za a wayar wa kai.

Na hau sama da takardar. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba.”

Ya ce, “Malam Sabo, rahoton nan kai yake karewa. In aka bi diddigi, wa ya yanke?”

Na ce ni na yanke, kuma haka zan rubuta. Na zauna a ofishin sakatarensa na rubuta shafi ɗaya da hannu: ranar da na cike fom, ranar da aka ce in cire, abin da Injiniya ta karanta a littafi, da abin da na yi. Injiniya Rabi ta sa hannu a ƙarƙashin nawa. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana biyu. Laifin da aka rubuta shi ne na sarrafa kayan gwamnati ba tare da rubutaccen umarni ba. Na karanta na yi dariya ni kaɗai a ɗakin injuna, don in ban yi dariya ba wani abin zan yi. Ƙarin girman da ke kan tebur sai bayan shekara biyu ya fito, lokacin an canza Darakta. Rahotonsa da shafina kuwa duk suna cikin fayil ɗaya, ban san wanda ya taɓa buɗewa ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a ranar da ya ba ni takardar tuhuma, a ranar ya sa hannu a sabon fom ɗin dizal, na bugawa da na tanderu. Muka sake buga hatimin daga farko. Ya shiga tanderu da farantinsa, ya huce a ciki, na yanke, ya sauka a miƙe ko gezau. Na goge, na taurara, na gasa sau biyu. Kafin in kai, na ɗaura shi a injin danna na wurinmu na buga tsohuwar fata sau ɗari biyu, na sa kowa ya fita daga ɗakin. Kwana tara cif, kamar yadda na faɗa tun farko. Sallah ta riga ta wuce. Takalman Sallar shekarar da wuƙa aka yanka su, babu zane, rabin fatun ma ba a taɓa su ba, kuma mutum huɗu cikin masu aikin zauren suka koma wani wuri.

Da na kai, Malam Inuwa yana zaune hannunsa a rataye. Ya sa Malam Ɗanlami ya ɗaura. Ya ce, “Sabo, kai za ka riƙe fatar.” Na durƙusa na riƙe da hannu biyu. Aka buga sau goma. Ya karɓi ta ƙarshe ya duba zanen da kyau, ya ce, “Ya yi.” Bai ƙara ba, bai rage ba. Sai da aka yi wata uku kafin ya koma tsayawa hira da ni bayan sallah. Hatimin yana nan yana aiki har yau.

Ga abin da nake so ku riƙe, musamman ku da za ku gaji ɗakin nan. Ƙarfen da ya fito daga injin nan, kyansa ba shaida ba ne. Yana iya ƙyalli kamar madubi alhali cikinsa a ɗaure yake, kuma ba ya sanin an matso da ranar biki. Za a yi ta kawo muku shugabanni, wasu masu kirki, wasu masu gaggawa, mafi yawansu ba su san abin da kuka sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Aikinsu su ce a yi sauri. Amma ba Darakta ne ke danna makunni ba, ku ne. In kun ƙi, iyakarta takarda a fayil. Na karɓi tawa daga baya, ban mutu ba, da ma tun ranar Laraba na karɓe ta. In kuma har kuka yi kuskure, to ku gaya wa mai kaya da baki cikakke, da kalmar da za ta tsorata shi, ba wadda za ta rufa muku asiri ba.

Babban yatsan Malam Inuwa bai ƙara lanƙwasuwa ba. Ya bar riƙe allura, yanzu sai dai ya zauna ya duba aikin wasu. Bai taɓa sake tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Amma sahunmu ɗaya a masallaci, kuma duk asuba in an sallame yakan juyo ya miƙo mini hannu, ni kuma in karɓa, in ji yatsan nan a sandare a bayan hannuna.